Ƙafafun Garkuwa

"Idan Garkuwa bai jefa ƙuri'a ba, Baffa ya ce babu maganar aure."

A tsaye Husaina ta faɗi maganar, a bakin zauren gidansu da ke Azare, ko tabarmar da ta riƙo ba ta shimfiɗa ba. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, da gani ka san ta sha kuka kafin ta fito.

Zarami yana tsaye a gabanta. Kansa a sunkuye yake, dama haka ya saba. Tun da ya fara zuwa zance gidan nan bai taɓa iya riƙe ido a fuskarta ba, ƙafafunta kawai yake kallo kamar wanda allurarsa ta faɗi a wurin.

"Da kai nake, Babarbare."

"Na ji ki, 'yar Fillo."

"To ka yi magana mana..."

"A wane akwati Baffan yake so ya jefa?"

"Kai ma ka sani. Tulu."

Ya yi wani ɗan murmushi wanda ya fi kuka ciwo.

"Ya Umara kuma ya ce tsani. Ya rantse in na sa Garkuwa ya jefa a tulu, sai dai in nemi wani wan da zai karɓar mini aure, shi ya fita."

Gaba kura, baya sayaki. Sai a lokacin ta shimfiɗa tabarmar ta zauna.

Wanda bai san Azare ta wancan zamanin ba zai zaci Garkuwa wani hakimi ne ko attajiri. Ko kusa. Mutumin takarda ne. Zarami mai zanen jikin motoci ne, shi ke rubuta kirari a goshin motocin ɗaukar gyaɗa. Kowace ranar kasuwa kuma sai ya kafa babbar takardar buhun siminti a bangon rumfarsa, ya raba ta gida-gida, kowane gida da hotonsa, a ƙarƙashi ga bayani da boko da ajami. Jarumin labarin shi ne Garkuwa, wani ƙato mai rawani da amawali, ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Tsalle ɗaya yake yi daga Azare ya dira Gololo. Ya taɓa ɗaga motar gyaɗa daga cikin taɓo da hannu ɗaya, ya taɓa hure farin ɗango daga gonakin Bulkachuwa da iskar bakinsa. A jikin garkuwarsa kalma ɗaya ce a rubuce: Ƙasata. Mutanen Hardawa sukan zo kasuwa su manta da abin da ya kawo su, suna tsaye ana karanta musu.

Abin da gari bai sani ba shi ne, hannu ne kawai na Zarami. Labarin daga bakin Husaina yake fitowa, a kan wannan tabarmar, ita da ke koya wa matan unguwa karatu a ajin yaƙi da jahilci. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Husaina tagwai ce. Shekarar da kogi ya yi ambaliya a Katagum, garinsu na asali, Hassan ɗinta ya rungumi babban gora ya faɗa ruwa, ya riƙa fito da mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ɗauko wata tsohuwa, ya miƙa ta gaɓa, shi ruwa ya tafi da shi. Ko gawarsa ba a gani ba. Ranar da ta fara ba Zarami labarin, ta zo kan kamannin fuskar Hassan kuka ya ci ƙarfinta, shi ya sa ya rufe fuskar Garkuwa da amawali. Duk ranar kasuwa Husaina takan ji kamar ɗan'uwanta ya fito daga ruwa ya ɗan sha iska.

Ana haka sai siyasa ta shigo gari. Jajibirin samun mulkin kai ne, an ce maza su fito su zaɓi wanda zai je majalisa. Jam'iyya biyu ke tashe a unguwarsu, mai alamar tulu da mai alamar tsani. Malam Ladan, mahaifin Husaina da take kira Baffa, shi ne uban tafiyar tulu. Umara, wan Zarami da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ke jan 'yan tsani. A da goro ɗaya suke ɓarewa su raba, yanzu ko a jana'iza suka haɗu kowa da gefensa.

Bappayo ne ya kunna wutar. Shi ke riƙe da lasifikar tulu, ya kuma daɗe yana kai kansa wurin Husaina tana maido shi. Wata ranar kasuwa ya tsaya gaban rumfar Zarami ya ce, wai shi wannan Garkuwa mai son ƙasa, wa zai zaɓa? Tambaya ɗaya ya jefa ya yi gaba abinsa, ya bar gari da ita.

"Ni ban ga laifin ya jefa ba," in ji Husaina a wannan zaman nasu na kan tabarma, tana murza gefen mayafinta.

"Saboda Baffa?"

"Saboda ni."

Ya ɗan ɗago.

"An ce kowane namiji ya zo ya faɗi ra'ayinsa. Har Jalo mai itace, da ni ke karanta wa matarsa takardar asibiti, za a tambaye shi. Ni ba wanda ya tambaye ni. Na san zafin a hana mutum magana. Shi kuwa an ba shi dama, sai ya naɗe hannu ya yi shiru? Wane irin son ƙasa ke nan?"

"Kin yi gaskiya, hasken idona. Amma in yara suna wasan ambaliya a bakin kududdufi, wa wanda ya nutse yake kira?"

"Garkuwa."

"Ranar da ya zama na tulu, 'ya'yan tsani sun rasa shi. Ranar da ya zama na tsani, na tulu sun rasa shi. Ko ta ina rabin gari ya zama maraya."

"Mu kuma fa? Mu mu zama me?"

Ana jin sautin daka daga cikin gida.

Can sai ta tuna abin da ta ji Baffa yana gaya wa mutanensa, cewa wannan karon rumfa za a yi, a sa labule, akwatunan suna ciki, mutum ya shiga shi kaɗai.

"To ka sa shi ya shiga," ta ce. "Labule ya rufe shi. Ya jefa, amma daga shi sai Mahaliccinsa."

Zarami ya daɗe yana juya maganar, sannan fuskarsa ta washe.

"Wallahi Fulani ba don ƙeta ba, da sun yi hankali."

"Bawa dai bawa ne, ko ya iya zane," ta mayar masa, irin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. "Kullum ƙafata kake kallo, amma har yau ba ka iya zana ƙafa ba. Duk mutanenka hagu ƙafafunsu suke kallo kamar jerin agwagi."

"Hannun ne ya saba, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya har da hawaye. Da ta san abin da ke tafe, da ba ta yi ba.

Ranar kasuwar da ta rage kafin zaɓe, taron da aka yi a rumfar Zarami ko wurin 'yan dambe ba a yi shi ba. Gidan farko, Garkuwa ya bi layi a bayan wani makaho. Na biyu, ya karɓi takardarsa. Na uku, labule ya rufe shi, ba a ganin komai sai ƙafafunsa ta ƙasa. Na ƙarshe, ya fito, an rubuta: "Na jefa. Ku ma ku je ku jefa."

Malam Ladan ya shafa gemu da aka kawo masa labari.

"Ya dai jefa ko? Shi ke nan. Ɗan halak ai tulu zai jefa."

Umara ma a rumfarsa abin da ya ce ke nan, sai dai shi tsani ya ambata. Kowa ya ja Garkuwa gidansa, kowa ya kwana da daɗi. Inna Fatu, mahaifiyar Husaina, har ta fara zancen kwanoni da tasoshin jere. Husaina ta yi azumin godiya. A ranta ta ce Hassan ya sake fito da mutum daga ruwa, wannan karon ita.

Aka yi zaɓe. Mata suna cikin gida, labari kawai suke ji ta katanga. Da sakamako ya fito, jam'iyyar tsani ce ta yi rinjaye, da ƙyar da jiɓin goshi. Malam Ladan ya shige ɗaki, ya ƙi tuwo, ya ƙi magana. Mutumin da ya sha rana yana bi gida-gida, ga shi yaran da ya yi wa huɗubar suna ne suke wucewa ta ƙofarsa suna waƙar tsani.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Washegari da hantsi sai ga Bappayo a zaure da takardar Garkuwa a naɗe, ya ɓamɓaro ta daga bangon rumfa. Husaina tana bayan ƙyauren soro, komai a kunnenta.

"Malam, da ka shiga rumfar zaɓe, ina akwatin tsani yake?"

"Hannun hagu."

"Na tulu fa?"

"Dama."

"To dubi ƙafafun nan da ke ƙarƙashin labule. Ina suka kalla?"

Malam Ladan ya duba, ga ƙafafun nan sun kalli hagu. Husaina ta dafe bango.

"Duk wanda ya shiga rumfar nan ya riga ya ga hoton nan, Malam. Talaka bai iya karatu ba, amma ya iya karanta sawu. An ci amanarka a kan tabarmar gidanka."

Kafin azahar maganar ta game Azare. Zarami ya kwaso tsofaffin takardunsa duka, ya zo ya baje su a ƙofar zaure yana rantse-rantse.

"Baffa, ka duba. Ga shi ranar da ya ɗaga mota, ga shi ranar fara. Duk hagu suke kallo. Wallahi ban iya wata ƙafar ba ce. Ni ina na san inda za a ajiye akwati?"

Bappayo ya sunkuya ya duba ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙe ya tafa hannu.

"Ashe tun fil azal ɗan tsani ne."

Jama'a suka ɗauka. Umara kuwa bai taimaka ba ko kaɗan, don a ranar ya sa aka ɗaga ƙanensa a kafaɗa ana zagaya kasuwa da shi, shi yana ihun a sauke shi, su suna ihun Garkuwa namu ne. Da yamma ya kira shi gefe ya ce, kada ya kuskura ya janye, kuma 'yar gidan tulu ba ta shigo musu gida sai ubanta ya zo ya yi mubaya'a.

Husaina ta rame a tsaye. Ajinta ma ya rabu, matan tulu a wannan gefen tabarma, na tsani a wancan, allo ɗaya amma ba mai ara wa wata alli. Da aka tashi wata rana, Larai matar Jalo ta tsaya a baya. 'Yarta ta daɗe tana kwance da ciwon ƙirji.

"Malama, kin san takardar Garkuwa da Zarami ya ba yarinyar nan, wadda ya tare kogi da garkuwarsa?"

"Na sani."

"A saman gadonta take. In tarin ya taso mata sai ta kalle ta, ta ce Garkuwa na zuwa, sai ta daure ta sha magani. Jiya babanta ya cire ya sa a murhu. Ya ce ɗan tsani ba zai kwana a ɗakinsa ba."

Larai ta share ido da gefen zane.

"Ta tambaye ni, wai Inna, in mu 'yan tulu ne, shi ke nan ba zai zo ba?"

Husaina ta sunkuyar da kai. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, don ita ce ta tura shi cikin rumfar. Ta koma gida ta kwanta rub da ciki ta yi kuka har Inna Fatu ta tsorata.

Inna Fatu ce ta yi ta bin Malam Ladan da lallashi har ya sassauta, amma da sharaɗi. Ranar kasuwa mai zuwa a ɗaga labulen. A nuna hannun Garkuwa ƙiri-ƙiri yana saka takarda a akwatin tulu, gari ya shaida. In an yi haka, ya ba shi Husaina. In ba a yi ba, kada ya ƙara taka masa ƙofar gida.

Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, Zarami ya zo. Ya faɗa sosai, ga tawada har gwiwar hannu. Ya warware takarda a kan tabarma.

Ga labule a ɗage. Ga hannu, ga tulu.

"Na zana," ya ce a hankali. "Gobe zan kafa."

"Ya Umara fa?"

"Ya riga ya fitar mini da kayana tsakar gida. Liman zai karɓar mini auren."

"Kai ne fa ka ce rabin gari zai zama maraya."

"Na faɗa. Amma takarda ce, Husaina. Ke kuwa mutum ce. Ba zan iya rasa ki saboda buhun siminti ba."

Ta daɗe tana kallon hannun. Ya yi kyau, har jijiyoyin bayansa ya fitar. Irin hannun da ya miƙa tsohuwa gaɓa. Abin da take so a duniya yana gabanta, kalma ɗaya kawai za ta ce, to. Ta ga kanta a ɗakinta, ta ga jeren kwanonin Inna, ta ga wannan mutumin mai kunya yana shigowa da yamma da ƙullin tsire. Sai kuma ta ji muryar 'yar Larai.

"Kada ka kafa."

"Husaina..."

"Ba takarda ba ce. Kai ma ka san ba takarda ba ce."

"Ke kika ce ya jefa."

"Har yanzu ina kan bakana. Ya jefa, haƙƙinsa ne, da ni ce ma zan jefa. Amma abin da ya yi a bayan labule nasa ne. In muka ɗaga yau don a ɗaura mana aure, mun sayar da shi ke nan. Gobe 'yar wani a gidan tsani ce za ta tambaya ko zai zo."

"To ni in yi yaya da raina?"

A karo na farko tun da ta san shi, ya ɗago ya dube ta tsakiyar ido. Hawaye ne fal a nasa. Ita ce ta kasa jurewa ta sunkuyar da kai.

"Masoyina, ka ba ni yau. Zan gaya wa Baffa ko wane ne Garkuwa. In ya sani, zai haƙura."

Ta naɗe takardar da hannunta, ta shiga da ita.

Malam Ladan yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta faɗa masa komai, tun daga tabarmar zance har amawalin. Ta zaci zai yi kuka ya sa mata albarka. Ba ta san yadda ciwon uba yake ba.

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Hassan ɗina?"

"Shi ne, Baffa."

"Ɗan da ban samu ko ƙafarsa na binne ba, shi kuka kafa a bangon kasuwa, kowane ɗan tasha yana nuna shi da yatsa? Shi ne 'yan tsani suke yi wa waƙa a ƙofar gidana?"

"Baffa, don kada a manta da shi ne..."

"Ni na manta da shi ne?"

Muryarsa ta karye. Ya ɗauke kai ya kalli bango, ya daɗe.

"To tunda ɗana ne, ku maido mini da shi. Da yana raye, inda na sa ƙafa nan zai sa. Gobe ya jefa a tulu, gari ya san ɗan Ladan bai guji ubansa ba."

"Baffa, ka yafe mini." Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ranar da ya shiga ruwa, tsohuwar nan ko sunanta bai sani ba. Cikin waɗanda ya fitar, yau wasu tulu ne, wasu tsani. Bai tambayi kowa ba. Ciki ɗaya muka kwanta da shi, ba zan sa shi ya fara tambaya bayan ya mutu ba."

"Kin zaɓa ke nan?"

"Ba a ba ni ƙuri'a ba, Baffa. Wannan kaɗai nake da ita."

Ya miƙe tsaye. Inna Fatu ta shigo da gudu tana "Malam, kada ka rantse," amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya rantse da Wanda ransa ke hannunsa, muddin yana numfashi, Zarami ba zai auri 'yarsa ba. Yana gama faɗa ya koma ya zauna kamar an zare masa laka, ya rufe fuska da babbar riga. Husaina ta ji tausayinsa ya kama ta fiye da na kanta, don ta gane yau ne ya yi wa ɗansa makoki.

Ta ɗauki takardar mai hannu da tulu ta kai murhu da kanta.

Bappayo bai ci ribar ƙullinsa ba. Da ya aiko neman aurenta, Malam Ladan ya ce a gaya masa wanda ya iya karanta sawu ya karanta na komawa gidansu. Amma rantsuwa ta riga ta fita, kuma Malam Ladan ba mutumin da ke yin kaffara a kan abin da ya shafi Hassan ba ne. Zarami ya turo liman, ya turo dattawan unguwa, duk suka dawo da kunya. Gidan wansa ya rufe, masu motocin tulu sun daina ba shi aiki, na tsani kuma suna jin haushin ya ƙi zana musu Garkuwa a tuta. Da aka samu wani direba mai zuwa Nguru ya ce akwai aiki a can, sai ya ɗaure kayansa.

Bai zo sallama ba. Ya san in ya zo ba zai iya tafiya ba.

Ranar kasuwa ce ya tafi, da sassafe. Wajen hantsi Larai ta shigo tana haki.

"Malama, sa mayafinki. Zarami ya bar wani zane a bango."

Husaina ba ta tambayi izinin kowa ba, Inna Fatu kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Rumfar a buɗe take, babu gwangwanayen fenti, babu benci. Mutane sun taru, 'yan tulu da 'yan tsani a cakuɗe, kowa ya yi tsit. Suka buɗa mata hanya.

Wannan karon ba a raba takardar gida-gida ba, hoto ɗaya ne babba. Ga rumfar zaɓe, labule a sake. Garkuwa yana waje, ya juya wa labulen baya, ya kafa garkuwarsa a ƙasa yana gadi, don kada kowa ya leƙa.

A ƙarƙashin labulen akwai ƙafafu.

Ƙafafun mace ne, da jan lalle. Ba su kalli hagu ba, ba su kalli dama ba, gaba suka fuskanta sosai, yatsu goma cif, kowane da farcensa. A kan babban yatsan dama akwai ɗan tabo, inda taɓarya ta taɓa faɗo mata tana yarinya.

Babu rubutu ko ɗaya, ba boko ba ajami.

"Kai, yau dai ya iya ƙafa," in ji wani tsoho daga Bulkachuwa. "To wannan kuma wa ta zaɓa?"

Husaina ta ja zanenta ƙasa a hankali ta rufe yatsunta. Ashe duk zaman da Zarami ya yi kansa a sunkuye, koyo yake yi, kuma sai da ya rasa ta sannan hannun ya faɗa.

Larai ta raɗa mata a kunne, ko in kasuwa ta tashi za a bar mata takardar ta kai wa yarinyar.

"Ki kai mata," Husaina ta ce. "Ki ce mata yana zuwa. Gidan kowa yana zuwa."

Ta juya ta kama hanyar gida. Can bakin tasha wata motar gyaɗa tana tashi, da kirarin da Zarami ya rubuta a goshinta, ba ta ɗaga kai ta karanta ba. Ƙasa take kallo har ta isa zaure, inda tabarmar take jingine a bayan ƙyaure, a naɗe.